Mudu da Littafi: Binciken da Zai Amfani Mutanen Bakin Kogin Haɗeja

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen ƙasar Haɗeja baki ɗaya: na cikin gari, da na Auyo, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Malam Madori, da Birniwa, da Kiri Kasamma, da Guri. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshe yana ban-ruwa, sannu da aiki. Sarkin ruwa da jama'arsa, Allah ya ba da sa'a. Iyayenmu mata masu turara shinkafa, sannunku da wuta. Malaman makaranta da 'yan kasuwa, ku matso kusa, domin yau da ku za mu yi.

Zancenmu na yau a kan bincike ne. Na san da an ambaci wannan kalma, wani zai tuna jami'an tsaro suna zazzage kaya a kan hanya, wani kuma zai hango farfesa a Zariya cikin tulin littattafai. Akwai wani irin bincike da ya fi waɗannan kusa da mu, wanda masana ke kira bincike na aiwatarwa, wato binciken warware matsala. Tambayoyi uku yake yi: me ke faruwa, me ya jawo shi, me za mu gwada mu ga ko ya gyaru? Kayan aikinsa na farko biyu ne, kuma kowane gida akwai su: abin awo da abin rubutu. Mudu da littafi.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai idan ruwa ya taso wa gari, ko yara suka gama aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba, ko manomi ya sayar da amfaninsa ya rasa uwar kuɗi, kimar ido ba ta wadatarwa. Dole a ɗauko mudun. Yau za mu bi mutum uku da kogi ɗaya ya haɗa: injiniya, da ɗan kasuwa, da shugaban makaranta.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da ruwa, tunda shi ne uban tafiya a ƙasarmu.

Kogin Haɗeja ɗan koguna biyu ne, Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda suke haɗuwa kafin Wudil. Daga nan ruwan ya gangaro ta Ringim, ya ratso ta Auyo, ya iso Haɗeja, sannan ya rarrabu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri, wani ya nufi Nguru, wani ya je ya sadu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Dattawanmu sun san halinsa na da. Da damina ya cika ya malale fadama, ya zuba mata taki, kifi ya shiga ya yi ƙwai. Da kaka ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka, makiyayi ya biyo bayansa da shanu. Da bazara kuwa, a wurare da yawa yashi ne kawai a gadon kogin.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka kammala ta Challawa. Kada mu yi wa waɗannan ayyuka butulci: da su birnin Kano yake shan ruwa, da su manoman Kura da Kadawa suke noman rani, da su kuma ake samun ruwan da ke shiga hanyoyin ban-ruwa na Auyo. Amma sun sauya halin kogin. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa duk shekara ta ragu, sannan aka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wurin da ya saba bushewa ƙayau ya koma ba ya rabuwa da ruwa.

Wane ne ya fi kowa jin daɗin wannan sauyi? Kacalla. Ciyawa ce da ke son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da can rani ne yake karya ta. Da ranin ya daina zuwa mata, sai ta bazu ta cike hanyoyin ruwa. Inda ta yi kauri ruwa yana rage gudu, inda ruwa ya rage gudu yashi da laka suna kwanciya, inda laka ta kwanta kacalla tana ƙara samun wurin zama. Ƙarshenta wasu hanyoyin suka toshe, ruwan ya karkata da yawa ta mashigar Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, yayin da masu zaune a bakin wasu hanyoyin suke kukan rashinsa. Masunci ya rasa inda zai tura kwalekwale. Sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya suka samu mafaka. Jan-baki kuma ya samu masauki, ya kwana cikin kacalla, da safe ya sauka a kan shinkafa da alkama. Ku riƙe maganar jan-bakin nan, za mu dawo gare ta.

Ta yaya aka gane wannan sarƙa? Da awo aka gane ta. A 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru, masana na gida da na waje suka shafe shekaru suna auna zurfin ruwa, suna duba faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa kowace shekara, suna tambayar manoma da masunta da masu itace abin da suke samu. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka lissafa darajar abin da fadamar nan take bayarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da babban aikin ban-ruwa na Kogin Kano yake bayarwa. Suka tarar cewa idan aka dubi yawan ruwan da kowanne yake sha, amfanin fadama ya ninka na wancan sau da yawa. Kafin wannan lissafi, masu tsara ayyuka da dama suna ɗaukar ruwan da ya malale a fadama a matsayin ruwan da ya ɓace a banza. Lissafin ya ba talakan Guri hujjar da zai tsaya da ita gaban kowa. Irin waɗannan hujjoji suna cikin abubuwan da suka share hanya har jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince a 2006 su kafa asusun haɗin gwiwa na kula da wannan kwari.

Ga kuma wani ƙaramin sakamakon bincike da kowane mai lauje zai iya amfani da shi. Kacalla tana shaƙar iska ta ganyenta da kararta, ta aika wa saiwar da ke cikin laka. Idan aka yanke ta a saman ruwa, ko aka banka mata wuta aka tafi, kwana kaɗan za ta tofo. Idan kuwa aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen ya daɗe a kansa, numfashinta yana yankewa, saiwar ta raunana. Aikin gayya ɗaya ne, gumi ɗaya ne, bambancin kawai inda aka sa lauje.

Wasu masanan kuma suka ce, tunda ciyawar ta ƙi tafiya, me zai hana a ci moriyarta? A ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya tallafa, shi ne kuma ya gyara aikin ban-ruwa na Auyo da aka ƙaddamar a farkon 2023, masana daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da cibiyar NAERLS ta Zariya da wasu jami'o'in Sifen da Amurka sun gwada mai da kacalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A bakin Kogin Senegal, inda ciyawar ta addabi jama'a bayan gina madatsar Diama a 1986, mutanen Muritaniya da Senegal suna yin gawayi da ita. Ranar da kacalla ta zama abin sayarwa, matasa da kansu za su shiga ruwa su yanke ta ba tare da an roƙe su ba.

To, mu da ba injiniyoyi ba, mene ne namu? Mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2022. Mun ga matasan Haɗeja sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, Allah ya saka musu da alheri. Kowane gari na bakin kogi zai iya kafa turken ƙarfe ko na kankare a inda ruwa ke isa, a yi masa zane-zane da fenti, tazara daidai wa daida. A wakilta mutum ɗaya amintacce ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubutawa, tare da kwanan wata. Ruwan da ya wuce Wudil yau sai ya yi kwanaki kafin ya iso mana. Idan mai duba turke a sama ya buga waya ga na ƙasa, an samu lokacin kwashe hatsi da dabbobi da tsofaffi. Bayan shekara biyar kuwa, littafin nan zai gaya wa injiniya daidai inda jinga ke buƙatar ƙari da kuma tsawon da za a yi mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wa magini wurin.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka buɗe rediyo, muna magana ne a kan binciken warware matsala a ƙasar Haɗeja. Mun baro bakin kogi, yanzu mu shiga kasuwa.

Allah ya yi wa yankin nan arziki: shinkafa, alkama, riɗi, zoɓorodo, wake, barkono, albasa, kankana, ga kifin da ake lodinsa daga kasuwar Haɗeja zuwa Kudu, ga dabbobin da ke cika Maigatari kowace Alhamis. Duk da haka kukan manomi ɗaya ne kowace shekara: ranar da kayana suka nuna, ranar ce na kowa suka nuna, farashi ya faɗi, in na ajiye kuma ƙwari su cinye.

Bari in ba ku labarin buhu. Tun ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, tare da masana na Marwa a arewacin Kamaru, suka duƙufa kan ƙwaron da ke huda wake. Suka tabbatar da cewa ƙwaron nan numfashi yake yi kamar ni da ku. Idan aka zuba busasshen wake a leda mai kauri aka ɗaure, aka sa ta cikin wata ledar aka ɗaure, aka sa su cikin buhu aka ɗaure, ƙwarin za su shanye iskar da ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba a sa ko ɗigon magani ba. Wannan shi ne buhun PICS, mai ɗauri uku.

Abin lura shi ne, an san wannan dabara shekaru da dama kafin ta yaɗu. Ilimin yana nan, buhun ne babu a kasuwa, manomi kuma bai gani da idonsa ba. Sai a 2007 aka tashi haiƙan a kan ɓangaren kasuwanci, da hannun cibiyoyi irin su IITA a Najeriya da INRAN ta Maraɗi a Nijar. Aka samu masana'anta a Kano tana yin buhun. Aka shiga ƙauyuka, a ɗaure wake a gaban jama'a da kaka, a dawo bayan wata huɗu ko shida a kwance a gaban mai gari da kowa da kowa. Gani ya kori ji. Masu binciken suka kuma gano cewa duk yadda manomi ya gamsu, idan mai sayar da buhun ya yi masa nisa, ba zai yi amfani da shi ba. Saboda haka aka koma neman dillalai a ƙananan kasuwanni. Masanin ƙwari ya gama nasa, amma sai da mai nazarin kasuwa ya sa hannu kafin abin ya shiga rumbu.

Me ya sa wannan ya dame mu? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓorodonmu, ta taɓa dakatar da saye saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya. Waken da Bature ya ƙi, 'ya'yanmu ne suke cinsa. Mai zuba guba a kan wake ko a kan bandar kifi don ya kore ƙwari, ya ji tsoron Allah, ya kuma sani cewa akwai hanyar da ta fi wannan tsafta da riba.

Masu bandar kifi ma suna da abin koyi. A Ghana, a wata unguwar masunta da ake kira Chorkor a birnin Accra, a 1969 masana suka zauna da matan da ke banda, suka ƙera murhu na laka mai jerin faifan raga hawa-hawa, wanda yake cin itace kaɗan ya gasa kifi da yawa a lokaci guda. Ya karɓu ne domin da matan aka yi shi, su suka gwada, su suka ce a gyara nan a rage can. A yankin da itace yake ƙara tsada kullum, wannan aiki ne da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja za su iya yi tare da masu banda: a auna itacen da murhun gargajiya yake ci, a gina sabo a gefensa, a auna nasa, a ɗanɗana kifin duka biyun, a kai kasuwa a ji wanne mai saye ya fi so.

Sai maganar farashi. A maƙwabciyarmu Nijar, wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwanni tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula take shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda waya ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina loda mota a kan jita-jita. A jihar Kerala ta Indiya ma an ga haka ga masunta: da suka fara tambayar farashi tun suna cikin teku, kifin da ake zubarwa don rashin mai saye ya kusan ƙarewa gaba ɗaya. Wayar tana aljihunmu. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar manoma ko ta masu kifi ta sa sakatarenta ya riƙa rubuta farashin Haɗeja da na Gujungu da na Dawanau a Kano kowane mako. Shekara biyu kacal, littafin zai nuna muku watan da ya fi dacewa a sayar da watan da ya fi dacewa a riƙe.

Kai ma manomi, gonarka ɗakin gwaji ce. Idan aka kawo maka sabon iri ko sabon taki, kada ka ƙi shi, kada kuma ka zuba shi a gona duka. Ware fangali biyu masu girma ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Sauya abu ɗaya tak, sauran aiki ka yi musu daidai. Rubuta abin da ka kashe a kowanne, har kuɗin man inji da na 'yan ƙwadago. Da girbi ka auna kowanne daban. Ka maimaita baɗi, domin shekara ɗaya tana iya yaudara. Haka ake yi a Samaru, haka ake yi a Badeggi inda ake fitar da irin shinkafa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu mu je makaranta, mu gaida hedimasta.

Na ce ku riƙe maganar jan-baki. Idan shinkafa ta fara nuna, tsuntsu ya sauko, wa ake turawa gona tun asuba da gwangwani da majajjawa? Yara. Idan ruwa ya janye aka shiga su, wa ke riƙe ƙwarya? Yara. Idan ambaliya ta rushe gidaje, ina ake sauke jama'a? A azuzuwan makaranta. Kun ga ke nan ruwan da aka sako daga Tiga yana da hannu a cikin rajistar ajin da ke Kiri Kasamma. Shugaban makarantar da bai san kalandar kogi da ta gona ba, zai yi ta zargin iyaye da ƙin boko alhali bai gano bakin zaren ba.

Mu ɗauka ga wani hedimasta a wani ƙauye na bakin fadama. Ya ga yara suna raguwa. Maimakon ya tsaya kan zato, sai ya ɗauko rajistar zango uku, ya zauna da malamansa suka ƙirga: wace rana ce a mako aka fi fashi, wane wata, wane aji, maza ne ko mata, daga wace unguwa? Wataƙila ya tarar fashin ya taru a ranar kasuwa da makonnin korar tsuntsu. Wataƙila ya tarar 'yan matan aji biyar da shida ne suke ɓacewa, kuma makarantar ba ta da makewayi. Wataƙila 'yan tsallaken ruwa ne, saboda babu kwalekwale da safe. Kowace amsa da maganinta daban. Sai ya kai lissafin gaban kwamitin gudanar da makaranta, inda mai unguwa da liman da iyaye mata suke, a yanke abu ɗaya da za a gwada zango guda, sannan a sake ƙirgawa. Idan ya yi, a riƙe. Idan bai yi ba, a sauya ba tare da jin kunya ba.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN ya yi aiki a cikinsu tun daga 2008, kuma ginshiƙin shirin shi ne a mai da shugaban makaranta jagoran koyarwa: ya shiga aji ya zauna ya kalli darasi, ya tattauna da malami a kan abin da ya gani, ya riƙa tara malamansa suna koya wa juna. Shirin ya ƙare, amma wannan aiki ba ya buƙatar kuɗin tallafi. Kujera ɗaya ce a bayan aji da littafin rubutu.

Tambaya mafi nauyi da hedimasta zai yi ita ce: yaran nan suna iya karatu kuwa? Amsar ba ta cikin sakamakon jarrabawa, tana bakin yaro. A kira shi shi kaɗai, cikin lallami, a ba shi takarda mai hawa huɗu da Hausa: baƙaƙe, kalmomi, gajeren sakin layi, ɗan labari. A rubuta inda ya tsaya. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta fito da wannan hanya, ta ƙara da cewa a ware wani lokaci kullum a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba, kowane rukuni a koya masa daga inda ya tsaya. An gwada hanyar sau da yawa ta hanyar kwatanta makarantun da suka bi ta da waɗanda ba su bi ba, aka ga tana aiki. Biyu daga cikin masanan da suka yi gwajin, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin mutum uku da suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A 2019 ɗin kuma aka fara gwada ta a makarantun Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Wudil fa, a bakin kogin nan namu. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a Auyo da Kaugama.

Kuma malam, ka sa yaran su zama masu awon. Su ne za su duba turken ruwa, su auna ruwan sama da gwangwani da rula, su rubuta farashin mudun gero kowane mako su zana shi a allo. Lissafi ya shiga, kimiyya ta shiga, garin kuma ya samu littafin tarihinsa.

(Ɗan kiɗa)

Kafin mu rufe, ina da kira ga ɓangarori uku.

Na farko, malamai da ɗaliban manyan makarantunmu: Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da kwalejinmu ta Haɗeja, da Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu. Ku sa su ɗauko tambayoyinsu daga bakin sarkin ruwa da sarkin noma da shugabar masu turara shinkafa da hedimastan ƙauye. Idan an gama, a taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, a koma garin a karanta wa waɗanda suka ba da lokacinsu. Mutanenmu sun gaji da baƙon da zai zo da takardar tambayoyi, a ba shi ruwa, a ba shi amsa, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amsar da aka karɓa daga talaka amana ce, sai an mayar masa da ita.

Na biyu, hukumomi: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da ma'aikatun jiha, da ƙananan hukumomi. Ku buɗe bayanan awon ruwa ga jama'a, ku sanar da lokacin sako ruwa da wuri ta rediyo da ta hannun hakimai da dagatai. Kafin a zuba kuɗi a babban aiki, a gwada shi ƙarami, a tambayi na sama da na ƙasan kogi. Bayan an ƙaddamar kuma a dawo a auna ko ya yi abin da aka ce zai yi.

Na uku, mu jama'a. Idan mai bincike ya zo, mu gaya masa gaskiya. Wanda ya girbe buhu ashirin ya ce biyar don yana tsammanin tallafi, ya ɓata mudun da za a auna wa garinsu magani. Kakanninmu da suka gane wace shinkafa ce ke jure zurfin ruwa, suka san watan da kowane kifi yake ƙwai, masu bincike ne, sai dai a ka suka ajiye, da yawa kuma ya tafi da su kabari. Mu Allah ya ba mu alƙalami, da boko da ajami.

Don haka, ɗan'uwa mai sauraro, 'yar'uwa mai sauraro, a wannan mako ka sayi littafin rubutu guda ɗaya. Ka zaɓi abu ɗaya da ke damunka a gona, ko a shago, ko a aji, ko a bakin ruwa. Ka sa kwanan wata a shafin farko, ka fara aunawa kana rubutawa. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko jikarsa.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a karatunsu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)